Injin Faskare da Na Gani a Agege

Da aka sallame mu dogon hutun da ya wuce, sai na tafi Ikko, watau Legas, wurin kawuna wanda ya ke zaune a Agege shekara da shekaru. Niyyata in huta in yi kallon birni, amma ban cika kwana uku ba sai ya ce mini zaman banza ba ya yi wa saurayi kyau, ya ɗauke ni zuwa wurin aikinsa. Shi ne mai lura da filin sayar da itace na wani Alhaji. A can na tarad da wani inji wanda ban taɓa ganin irinsa a Arewa ba, yana yanka gungume yana kuma faskara shi a tashi ɗaya. Na yi mako biyar ina aiki a gindinsa. To, tun da ya ke ba kowa ne zai sami zuwa ya gani ba, na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana na wannan kwaleji yadda aka ƙera shi, da yadda a ke aiki da shi, da kuma yadda ya kusa raba ni da hannuna na dama.

AGEGE DA ITACE

Agege tana arewa da tsakiyar Ikko, a bakin hanyar jirgin ƙasa. Hanyar nan ta tashi daga Ikko ta kai Ibadan a 1901, ta isa Kano a 1912. A zamanin nan gonakin goro da na koko ne suka kewaye garin. Goron nan kuwa shi ya jawo fataken Hausawa, suka sauka, suka kafa Zango, har suka yi Sarkin Hausawa nasu. Yanzu gonakin sun zama gidaje, amma Hausawa suna nan, waɗansu ma a nan aka haifi kakanninsu.

Wani zai ce, me birni mai lantarki da gas zai yi da itace? Sai ya tashi da asuba ya dubi hayaƙi. Burodin Agege da ya yi suna ko'ina, da yawa daga cikin ƙananan gidajen da ke yinsa da itace su ke hura tanderu. Ga masu tsire da balangu, ga mata masu sayar da abinci, ga masu babbakar kai da ƙafa da ganda, ga kuma masu biki waɗanda ba abin da zai dafa musu manyan tukwane sai itace. Yawancin itacen da mu ke samu motoci ne ke kawo shi daga wajen Jihar Ogun ta hanyar Abeokuta. Saura kuwa itatuwan cikin gari ne da aka sare don a yi gini, da ragowar da ta fito daga wurin masu yankan katako.

AIKI BIYU NE

Kafin gungume ya shiga murhu sai an yi masa aiki biyu, yanka da faskare. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai gane bambancinsu ba ba zai gane injin ba.

Itace zare-zare ne a ciki, sun miƙe daga gindi zuwa sama, a manne da juna kamar tsintsiya da aka ɗaure tam. Kowa ya sha rake ya san haka: tsaga shi a tsaye ba wuya, amma datse shi a gicciye sai da wuƙa. Zarto shi ke datse zaren nan a gicciye, yana cin su kaɗan kaɗan da haƙoransa. Gatarin faskare kuwa ba yanka ya ke yi ba. Shiga ya ke yi tsakanin zare da zare, bakinsa siriri, bayansa mai kauri, ya tura su dama da hagu har su rabu. Shi ya sa in ka lura, tsagar tana gaba, bakin gatarin yana biye.

Da can mutum biyu ke jan dogon zarto, sa'an nan mai faskare ya bi da gatari. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai sarƙa na lantarki a 1926, ya kuma yi mai shan fetur a 1929, irin wanda jikokinsa mu ke jin kukansu a dazuzzukanmu yau. Daga baya mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda ke ɗumama ɗakunansu da itace watanni da yawa a shekara, suka haɗa zarton nan da abin faskare a kan ƙarfe guda. Kamfanoni irin su Palax da Hakki Pilke na ƙasar Finlan, da Posch na Ostiriya, suna cikin masu ƙera shi. Namu tsoho ne, abin da mutanen Ikko ke kira tokumbo, ta tashar jiragen ruwa ta Apapa ya shigo.

GAƁOƁIN INJIN

Gaɓoɓinsa biyar ne, kowace tana miƙa wa ta gaba aiki.

Ta fari, wani teburin ƙarfe inda a ke jera gumagumai, da bel mai jan gungume ɗaya ɗaya zuwa ciki, har kansa ya dunguri wani ƙarfe da aka sa don awon tsawo. In mai burodi ne zai saya sai a matsar da ƙarfen nan baya, gama dogon itace ya ke so. In mai abinci ce sai a matso da shi.

Ta biyu, wani hannun ƙarfe mai haƙora wanda ke danne gungumen kada ya juya.

Ta uku, zarton kansa. Namu mai sarƙa ne, waɗansu kuwa faifai ne mai haƙora. Mai aiki ya ja liba ƙasa, zarto ya sauko ya datse.

Ta huɗu, kwamin ƙarfe wanda guntun da aka datse ke faɗawa ciki. A bakinsa ɗaya akwai ƙarfe mai turi, a ɗaya bakin akwai gatari a kafe. A nan fa al'amarin ya juya: gatarin ba ya motsi, itacen a ke turawa ya je ya same shi. In an ɗaga gatarin nan, yana da fikafikai a gicciye, sai itace ya fita kashi 4 maimakon 2. Manyan injuna har 6 ko 8 su ke fitarwa.

Ta biyar, wani dogon bel mai hawa sama, ya ɗauki fasassun ya zuba a tsibi ko a bayan mota.

Abin da ke juya duk waɗannan, a namu, injin dizal ne. Waɗansu a jikin tarakta a ke haɗa su, waɗansu da lantarki su ke aiki.

INA ƘARFIN YA KE FITOWA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, gama injin dizal ɗin bai fi na niƙan hatsi girma ba, amma na ga ya tsaga gungumen da ƙato zai yi gumi a kansa. Asirin a mai ya ke. Wanda ya ga yadda tifa ke ɗaga bayanta ta juye yashi, ko yadda ƙaramin jak ke ɗaga mota, ya ga abin.

Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya nuna cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin nan yana kai wa ko'ina daidai wa daida. Wani maƙeri na Ingila, Joseph Bramah, ya ɗauki wannan ilmi ya ƙera injin matsi a 1795. A injin faskare, famfo ne ke tura mai ta cikin tiyo zuwa wani bututun ƙarfe mai fistin a ciki. Mai ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka ba shi da mafita sai ya tura fistin gaba.

Ga lissafi ga masu son lissafi. A ce faɗin fuskar fistin santimita 10 ne, rabinsa 5 ke nan. Filin fuskar shi ne 5 sau 5 sau 3.14, watau murabba'in santimita 78.5. A ce kuma famfo yana matsa mai da nauyin kilo 200 a kan kowane murabba'in santimita, abin da injuna irin wannan su kan yi. In ka ninka 78.5 sau 200 za ka sami kilo 15,700, kusan tan 16. Buhun siminti kilo 50 ne. Ashe ke nan kamar an ɗora buhu 314 ne a kan guntun itace guda. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

YADDA A KE AIKI DA SHI

Kawu ba ya barin a tada inji sai an duba abu huɗu. A duba man turi da baƙin mai ko sun kai alama. A duba man da ke jiƙa sarƙar zarto, gama in ta bushe sai ta yi zafi ta lalace. A ja sarƙar da safar hannu a ga ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma ɗaure ainun ba. Sa'an nan a bi tiyo duka a ga ko akwai mai yoyo.

Wannan na ƙarshe akwai hatsari a ciki wanda mutane da yawa ba su sani ba. In tiyo ya yi 'yar huda kamar bakin allura, man da ke fita yana iya huda fata ya shiga nama. Raunin ƙarami ne a ido, amma yana iya kai ga yanke yatsa ko hannu. Saboda haka ba a neman yoyo da hannu, da guntun kwali a ke nema. In kuwa tsautsayi ya auku, sai asibiti nan da nan, ba a jiran gobe.

Kaifin zarto kuwa garin katako ne ke faɗa maka. In yana fita da ɗan girma kamar ɓarzajjen hatsi, zarto na da kaifi. In ya koma laushi kamar garin tuwo, ya dakushe, sai a kashe inji a bi haƙoran ɗaya ɗaya da magagari.

Mai aiki ba ya sa babbar riga ko wani abu mai lilo. Ya sa tabarau don tsinke, ya toshe kunne don ƙara, ya sa takalmi mai ƙarfi. Mutum ɗaya tak ke riƙe liba, don kada wani ya ja alhali hannun wani na ciki. Yara kuwa a kore su nesa. Ba a kuma tada injin a cikin rufaffen ɗaki, gama hayaƙinsa guba ne.

Bayan wannan sai aikin ya zama kamar daka: jawo gungume, danne, datse, ɗaga liba, turi, sake jawowa. A namu, ɗaga libar zarto shi ne ke sakin ƙarfen turi da kansa. In itace mai kyau ne, abin da masu gatari 4 za su wuni suna yi, ya kan gama shi kafin azahar.

RANAR DA NA KUSA RASA HANNU

A filin nan akwai wani tsoho mai faskare, mutumin ƙasar Katsina, kowa Baba ya ke ce masa. Tun kafin a haife ni ya ke riƙe da gatari a Ikko. Ba ya taɓa injin, amma idonsa ba ya barinsa.

A mako na biyu na fara jin na gwanance. Ran nan wani guntun mangwaro ya faɗa kwami a karkace. Ƙa'ida ita ce a tsai da turi, a gyara shi da sanda mai ƙugiya. Masu ƙera injin ma sun sa wa kwamin murfi, wanda in an buɗe shi kome sai ya tsaya cik. Amma maɓallin murfin namu ya lalace tun kafin in zo, wani ya ɗaure shi da waya don kada aiki ya tsaya, murfin kuwa kullum a buɗe. Na ɗaga liba da hagu, na miƙa dama in gyara itacen, na manta ɗaga libar nan shi ne sakin turi. Sai na ji an fizge ni ta wuyan riga har na zauna a ƙasa. Kafin in ɗaga kai, ƙarfen ya haɗa itacen da gatari, daidai inda yatsuna su ke.

Baba ne. Ya dube ni, ya ce, "Yaro, gatarina yana hannuna, in na ga ƙafar mutum sai in fasa sara. Wannan kuwa makaho ne, kurma ne. Bai san itace ba, bai san hannu ba."

Na ce, "Na gode, Baba." Ban iya ƙara kome ba, jikina na rawa. Buhun siminti 314 ɗin nan su na ke tunawa. Kawu da ya ji, ya kashe inji, ya ce ba mai sake tada shi sai an gyara maɓallin. Aka yi kwana 2 ba aiki, masu burodi suna ta aike, bai kula ba. Rigakafi ya fi magani, balle abin da ba shi da magani.

ABIN DA INJIN BAI IYA BA

Da Alhaji ya sayo injin, ya zaci ya gama da masu faskare. Su 4 ne a da. Biyu sun tafi neman abinci wani wuri, wannan gaskiya ce mai ɗaci, bai kamata in ɓoye ta ba. Amma Baba da wani guda ba a iya rabuwa da su ba, ga dalili.

An ƙera injin ne don itatuwan Turai masu miƙewa kamar sandar tuta. Bakin namu ba ya karɓar gungumen da kaurinsa ya wuce santimita 35. Malaina da itacen roba suna wucewa sumul. Amma itacen cikin gari karkatacce ne, ga gwafa, ga ƙulli inda reshe ya fito. Maɗaci da iroko kuma zarensu a sarƙe ya ke, ba ya bin hanya guda. Iroko har wani farin abu mai tauri kamar dutse a kan samu a cikinsa, yana dakushe zarto nan take. Itacen bakin titi kuwa sau da yawa akwai tsohuwar ƙusa ko waya da ɓawo ya haɗiye, in sarƙa ta same ta sai haƙora su karye.

Saboda haka kowace mota ta sauke, Baba ne ke fara bi. Ya dubi wannan ya ce na inji ne, wancan a datse masa gwafa tukuna, wancan kuma a bar masa. Ya koya mini in dubi bakin gungume, gama in ya fara shan iska sai 'yan tsage-tsage su fito daga tsakiya, su ne ƙofar da itace ya buɗe da kansa. Ya koya mini kuma ba a tunkarar ƙulli a tsakiya, ta gefe a ke ɓantara har a zagaye shi. Ran da wani gungume ya maƙale a gatarin inji, ba gaba ba baya, kashe inji muka yi, Baba ya zo da guduma ya fid da shi, ya juya shi, aka sake turawa, ya tsage kamar rake. Ƙarfin bai ƙaru ba, sani ne ya ƙaru.

BAYAN FASKARE

Wani abu kuma da inji ba ya gaggauta shi, shi ne bushewa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ba ya zama itacen kirki sai ruwan ya sauko wajen kashi 20 cikin 100. Wanda ya hura ɗanye, wutarsa sai ta fara ƙone ruwa tukuna kafin ta dafa abinci, kilo guda na ɗanye kuwa zafinsa wajen rabin na busasshe ne, ga hayaƙi. Hayaƙin nan ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi zama kusa da murhu.

Amfanin faskare ke nan na biyu: ɓawo yana tsare ruwa, in an tsaga sai iska ta sami hanya. A Kano hunturu na yin wannan aiki da sauri. A Ikko kuwa, inda sama ke zuba watanni da yawa, sai an ɗaga itace daga ƙasa a kan gumagumai, a jera shi da 'yan ƙofofi, a rufe samansa kaɗai, a bar gefe a buɗe. Baba ya kan buga guda biyu da juna. In sun yi ƙara garau sun bushe, in sun yi dum da saura.

ABIN DA YA SHAFE MU

Sa'ad da na ke ƙaramar makarantar mishan, kowane yaro ya kan kawo itace guda ran Litinin don madafa. A bayan makaranta mu ke tsinta. Ƙanena da ke can yanzu sai ya yi tafiya mai nisa. Na tuna da wannan ina kallon bel yana zuba itace a mota. Marke ko ƙirya sai sun yi shekaru da yawa kafin su isa sara, inji kuwa cikin 'yan mintoci ya ke gamawa da su. Ƙasashen Afirka sun amince da shirin babbar katangar itatuwa ta bakin hamada a 2007, jihohi 11 na Arewacin Nijeriya suna ciki. Amma gwamnati ba za ta shayar da kowane dashe ba. Malamin ƙauye da 'yan ajinsa suna iya riƙe itatuwa 20 a bayan makaranta har su kama.

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu. Injuna iri iri suna shigowa garuruwanmu, yaran da za mu koyar kuwa su ne za su tsaya a gindinsu. In mun zo darasin filin da'ira, mu ba su lissafin fistin nan, su ga abin da ya ke nufi ga yatsa. In mun zo darasin tsiro, mu kawo rake da guntun itace aji, mu gayyaci mai faskaren unguwa ya nuna musu abin da ya sani, mu kuma ba shi kujera. Ni dai na tafi Agege da littattafai cikin akwati, amma wanda bai taɓa zama aji ba shi ya komo da ni da yatsu goma.

Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya sa mu amfani waɗanda za a ba mu amanarsu.